Ranar da Goggo Ta Share Fili

Duk wanda ya san Goggo ya san ba a yi mata baƙo babu shiri. Tun tana aikin unguwarzoma a asibiti har ta yi ritaya ta dawo gida, halinta bai canja ba. Da zarar an ce wani zai zo, sai ta ɗaga kujeru ta share ƙarƙashinsu, ta sake wanke kofunan da babu wanda ya sha komai da su, duk wani tsohon abu kuma ta tura shi ƙarƙashin gado. Rabin mutanen layin a hannunta suka faɗo duniya, shi ya sa ko masu gemu in ta ɗaga murya sai ka ga sun gyara tsayuwa. Kowa Goggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

A bayan layin akwai wani fili. Ba na a zo a gani ba ne, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya da 'yan bishiyoyi a gefe, amma shi kaɗai ya rage wa unguwar. Ko'ina an gine, gida na jingine da gida, lungunan kuwa mutum biyu ba sa iya jerawa. A filin yara ke buga ƙwallo, tsofaffin tayoyi ne ragarsu. Dattawa suna da bencinsu mai ƙafar bulo a ƙarƙashin babbar bishiya, inda suke sauraron rediyo suna musu a kan abin da ba su gani ba. Mai faci yana can bakin titi da kwanon ruwansa baƙi ƙirin. Mai Wanki kuma ya ɗaura igiyoyinsa daga bishiya zuwa turakun ƙarfe, daf da ƙofar bayan gidan Goggo.

Waɗannan igiyoyi su ne rayuwar mijinta. Direba ake ce masa, don ya yi shekara da shekaru yana jan babbar motar haya tsakanin garuruwa. Mutum ne mai faɗin ƙirji, in ya yi dariya sai an ji shi a ƙarshen layi. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Likita ya ce babu wani magani da ya wuce tafiya, kullum, a kan ƙasa mai laushi wadda ba ta da tudu da kwari. To, gidan nasu duk matakala ne, lungu kuwa kwata ce da babura. Ga shi Direba ya rantse babu mahaluƙin da zai gan shi yana jan ƙafa.

Mai Wanki ne ya samo dabara, bai kuma shawarci kowa ba. Kullum da safe sai ya shanya manyan zannuwan gado layi biyu, ya bar hanya a tsakani. A cikin hanyar ya ɗaura wata igiya mai kauri daidai ƙugu. Goggo takan fito da mijinta ta ƙofar baya, ya kama igiyar da hannunsa mai lafiya, ya yi ta kai da kawowa a ɓoye. In zannuwan masu kawo wanki ba su isa ba, Goggo kan ba da wani tsohon zanin gadonta mai faci a tsakiya a cike gurbin. Unguwar duka ta sani, babu wanda ya taɓa furtawa. Ƙafafu biyu kawai ake hangowa ta ƙasan zannuwa, ɗaya tana ɗagawa, ɗaya tana bin ta a ja. Yara da kansu suka daina harba ƙwallo wajen.

Ana nan sai aka wayi gari an kafa allo a bakin filin. Ƙaramar hukuma za ta gina shaguna da wurin ajiye motoci.

Unguwa ta ɗau zafi. Aka farfaɗo da ƙungiyar mazauna, aka naɗa tsohon Hedimasta shugaba, tunda shi ne ya iya magana da hukuma ba tare da ya zagi kowa ba. Suka yi ta sintiri ofishin kansila, yau a ce ya fita, gobe a ce yana taro. Goggo ba ta fashin tafiya ko da ƙafarta na ciwo, domin ita ta san abin da ba ta faɗa a taro: in aka zuba siminti a wurin nan, mijinta ya koma ɗaki ke nan, kuma ba zai sake tashi ba. Da ƙyar suka samu abu guda. Za a turo jami'a daga sashen tsara gari ta ga filin da idonta, ta kai wa majalisa rahoto kafin a yanke hukunci. Aka sa rana.

Kalmar "za a turo" kawai Goggo ta ji, ta miƙe ta ɗaura ɗankwali.

"Baƙuwa daga hukuma za ta zo," in ji ta, "ta tarar da mu a cikin wannan tarkace? A ce mutanen da ke neman a bar musu fili ko share shi ba su iya ba? Ba da ni ba."

Babu wanda ya yi gardama, don kowa haka aka rene shi. Jajibirin ranar layin gaba ɗaya ya fito da tsintsiya. Aka mirgina tayoyin yara aka ɓoye a bayan wani shago. Aka kinkimi bencin dattawa, su da kansu suka ce ƙafar bulon nan abin kunya ce. Mai faci ya kwashe kayansa ya zubar da baƙin ruwansa, aka zuba yashi a inda mai ya ɓata ƙasa. Aka gargaɗi iyaye cewa gobe kowa ya tsare 'ya'yansa a gida, kada a ga ko ɗaya da ƙura a gwiwa.

Mai Wanki ne kaɗai ya tsaya yana sosa ƙeya lokacin da ta zo kansa.

"Goggo, to Baba Direba fa?"

"Hutun safiya ɗaya ba zai kashe shi ba. So kake yarinya ta zo da abin ɗaukar hoto ta tarar da gajerun wandunan mutane suna kaɗawa a iska? Kwance igiyoyin nan duka. Har turakun, tumɓuke su."

"Har ta ƙasan?"

"Ita ce ma ta fi datti. Dubi yadda ta yi baƙi."

Ya kwance, yana gunaguni a ciki.

Washegari jami'ar ta zo. Yarinya ce siririya mai tabarau da takalmi shafe, sa'ar autar Goggo. Mutanen layi suka jeru a bakin filin cikin kayansu na fita, babu wanda ya taka ciki don kada a ɓata sharar. Filin ya yi fes, har sawun tsintsiya ake gani. Ta zagaya shi ita kaɗai, ta ɗauki hotuna, ta dawo ta rusuna ta gai da Goggo.

"Mama, kullum haka filin nan yake?"

Goggo ta ɗaga kai. "Kullum, 'yata. Mu nan ba ƙazamai ba ne."

Yarinyar ta ɗan dube ta kamar za ta ƙara wata tambaya, sai Hedimasta ya fara jawabin maraba da ya kwana biyu yana shiryawa, maganar ta bi ruwa. Da ta tafi, mata suka riƙa yi wa Goggo sannu da aiki. Ranar ta ci abinci da daɗin rai.

Ranar zaman majalisa suka cika kujerun baya na zauren. Kansiloli na gaba a kan dogon tebur, Ciyaman a tsakiya, wakilin ɗan kwangilar da zai gina shagunan kuma na gefe yana latsa waya. Aka kashe fitila ɗaya aka haska hoto a bango. Filinsu ne, fayau, tsaf, babu ko tsinke. Goggo ta zunguri matar da ke kusa da ita.

"Kin gani? Ko filin gidan gwamnati albarka."

Jami'ar ta miƙe ta fara karatu da siririyar murya. Ta ce ta ziyarci wurin. Ta ce ba ta ga wurin zama ba, ba ta ga alamar wasan yara ba, ba ta ga wata sana'a ko hanyar da ƙafa ta saba bi ba. Ta ce mazauna da bakinsu sun tabbatar mata kullum haka yake. Saboda haka, bisa abin da ta gani, fili ne da ba a amfani da shi.

Wakilin ɗan kwangila ya ajiye wayarsa ya yi murmushi.

Goggo ta sake duban hoton. Sawun tsintsiyarta ne a kwance a bango, ya yi layi-layi gwanin kyau. Da hannunta ta share unguwarta daga filin, ta kuma sa bakinta ta shaida. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba tun tana amarya. Amma da ta tuna ƙafafun nan biyu a ƙasan zannuwa, ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, ina da magana."

Wani ma'aikaci ya ce ba a ba 'yan kallo dama ba tukuna. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai, ba kai ne ka zo duniya ta ƙafa ba, ka wahalar da uwarka? Zauna."

Zauren ya fashe da dariya, har Ciyaman ya rufe baki da hannu. Ya yi mata alama ta ci gaba.

"Yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba, ni na yi. An ce mana baƙuwa za ta zo, muka yi abin da ake yi wa baƙo. Muka kwashe benci, muka ɓoye tayoyi, muka kulle yara, muka kori mai faci. Ni na sa. Mun ɗauka tsabtarmu za a duba, ashe tarkacen ake nema. In laifi ne a share wuri don a girmama ku, to nawa ne. Kada a ƙwace wa unguwa guda fili saboda tsintsiyar tsohuwa ɗaya."

Wakilin ɗan kwangila ya ce rahoto rahoto ne, an riga an karanta. Wasu kansiloli suka gyaɗa kai. Sai jami'ar ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ni ma abin ya ɗaure mini kai a ranar. Ban taɓa ganin filin da aka yi watsi da shi ana share shi haka ba. A ba ni dama in koma. Amma wannan karon ba zan faɗi rana ba."

Aka yi 'yar muhawara, aka ɗage hukunci.

Kafin magariba komai ya koma mazauninsa, benci da bulonsa, tayoyi, baƙin ruwan mai faci. Hedimasta ya kafa doka: kada wanda ya taɓa tsintsiya. Goggo ta sha wuya a kwanakin nan. Sai ta ga ɓawon lemo a ƙasa hannunta ya fara ƙaiƙayi, ta kau da kai tana salati. Dattawa kuwa sun samu abin tsokana, da ta gifta sai su ce, "Goggo, baƙi na tafe!"

Tana dariya a waje, amma a gida babu abin dariya. Mai Wanki ya mayar da igiyoyinsa, ya shanya zannuwa layi biyu, Direba ya ce ba ya fita.

"Kin ce kowace rana yarinyar nan za ta iya zuwa, da abin ɗaukar hoto. A haska ni a bango gaban majalisa, ina jan ƙafa baki a karkace? Ni da na ja mota mai cin mutum sittin?"

"Malam, a bayan zani kake. Wa zai gan ka?"

"Na ce ba na fita."

Ya juya fuska bango. Haka aka yi ta tafiya. Ƙafar da aka sha wuya kafin ta fara ɗagawa ta soma ƙagewa, da safe sai Goggo ta ɗora ta a cinya tana murzawa da man zafi. Ta yi fushi da shi, ta yi fushi da kanta, ta kuma ji tausayinsa har cikin ƙashi. Duk da haka Mai Wanki bai fasa shanya zannuwan ba, ko da babu kowa a tsakaninsu.

Wata safiya da hantsi Goggo na tsaye a ƙofar baya da bokiti, sai ga yarinyar mai tabarau a tsakiyar fili. Babu wanda ya ga shigowarta. Ƙwallo ta wuce ta gefen kunnenta, dattawa na tsakiyar musu, wata mata na koya wa ɗanta tafiya a inuwa. Ta jima tana zagayawa tana ɗaukar hoto, daga ƙarshe ta iso wurin shanya. Ta leƙa tsakanin zannuwa, ta ga igiyar nan mai kauri da hannu ya goge ta har tana sheƙi, ga kuma ƙasa ta yi 'yar kwari mai tsawo a gefenta.

"Wannan ta ƙasan ta mece ce?" ta tambayi Mai Wanki.

Ya dubi Goggo. Tagar ɗakin Direba na nan a buɗe a bayanta, ta san yana ji. Kalma ɗaya za ta faɗa ta ceci filin, kuma kalmar ce za ta tona mijinta.

"Ta shanya ƙananan kaya ce, 'yata," in ji ta, idonta a ƙasa.

Yarinyar ta matso ta rage murya.

"Mama, gaskiya zan faɗa miki. Abin da na gani yau ya fi na rannan nesa ba kusa ba, kuma zan rubuta. Amma na san abin da za su ce. Yara su koma filin makaranta, mai wanki a ba shi wani wuri, dattawa su sa bencinsu a ƙofar gida. Duk abin da na gani ana iya ɗauke shi a kai wani wuri. Ban ga abin da ba zai yiwu ba sai a nan."

Goggo ta gyaɗa kai.

Sai murya ta fito ta taga, mai nauyi, kalmomin na ɗan jan juna.

"Ke. Miƙo mini hulata."

Ta ajiye bokitin ta shiga. Ta same shi ya riga ya zauna a bakin gado, yana kokawa da maɓallin riga da hannu ɗaya. Ta ɓalla masa maɓallin, ta daidaita masa hular, ya dafa kafaɗarta suka fito. Da ya kama igiyar sai ya tsaya yana mayar da numfashi, ya dubi Mai Wanki.

"Sauke zannuwan nan."

"Baba?"

"Kunnenka ne ya shanye ko ƙafata? Sauke su."

Mai Wanki ya fara janye su ɗaya bayan ɗaya yana rungumewa a ƙirji. Ya kwashe layin da ke fuskantar fili kaf. Na bayan ma ya soma, hannunsa ya cika, ya bar guda ɗaya a rataye, tsohon zanin Goggo mai faci a tsakiya. Rana ta sauka a kan Direba a gaban kowa, karo na farko tun da ya faɗi.

Ƙwallo ta tsaya. Wani ya kashe rediyo. Goggo ta kai hannu za ta tallafe shi kamar kullum, ya girgiza kai, ta ja da baya.

"Ɗauka, 'yata," ya ce wa jami'ar. "Ki ɗauka da kyau, har da ƙafar. Ki ce musu wannan ba ta zuwa filin makaranta. Daga ƙofar nan zuwa bishiyar can, iyakar hanyata ke nan yanzu."

Ya fara tafiya. Ƙafar ta ƙage saboda zaman da ya yi, kowane taku sai ya cije leɓe. A tsakiya ya yi tangaɗi, igiyar ta yi ƙasa da shi, Goggo ta dunƙule hannu a cikin mayafi ba ta motsa ba. Ya daidaita ya ci gaba. Dattawan benci suka miƙe tsaye ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yi tafi, babu wanda ya ce sannu. Da ya dafa bishiyar, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, sai ya juyo ya dubi mai faci can bakin titi ya ɗaga murya.

"Kai, wannan tayar tawa fa, za ka iya yi mata faci?"

Filin gaba ɗaya ya ɗauki dariya, tasa ta fi ta kowa ƙara. Goggo ta yi dariya hawaye na zuba, ba ta ko share su ba. Shekarun da ta yi da mutumin nan, ba ta taɓa alfahari da shi kamar wannan safiyar ba.

Bayan ranar sai ga wasu sun fara fitowa. Wata tsohuwa daga can ƙarshen layi da aka daɗe ba a gani ba, jikarta ta riƙo ta, ta zo ta kama igiyar. Wani magini da ya karye a ƙugu ya biyo baya. Mai Wanki ya yi ta mita wai an mayar masa da wurin sana'a asibiti, ya kuma ƙara igiya ta biyu.

A zama na gaba hoton Direba aka haska a bango. Ba a samu komai a sauƙaƙe ba, an yi ta ja-in-ja har azahar, kuma sai da aka yanki gefen titi aka ba masu motoci, mai faci ya matsa ciki yana ƙorafi. Amma filin ya tsira, aka rubuta shi a taswirar gari a matsayin wurin jama'a, shagunan kuma aka kai su tsohon garejin hukuma.

Jami'ar da kanta ta kawo wa Goggo hoton a cikin gilashi. Yana nan a falo, sama da kujerar Direba. Har yau in an ce baƙo zai zo, Goggo na ɗaga kujeru ta share, ta tura tsofaffin kaya ƙarƙashin gado. Hoton ne kaɗai ba ta taɓawa, duk da zanin nan ya fito a cikinsa ɓaro-ɓaro, da facinsa da koɗewarsa. Baƙo bai gama zama ba za ta nuna masa.

"Ka ga zanin can mai faci? Nawa ne. Wancan kuma da ke tafiya, mijina ne."